TSUTSAR CIKI, ƁARAUNIYAR ABINCIN YARO

Jama'ar Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maigida ya tara iyalinsa bayan sallar isha'i ya karanta musu, domin maganar da ke ciki ta shafi kowane gida.

Kowa ya san irin yaron nan da a kan gani a ƙauye. Yana cin tuwo kamar kowa, amma ba ya ƙiba. Cikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa kamar sillen kara, gashinsa ya yi ja, idonsa ya yi fari. In an aike shi ya gaji, in ya je makaranta sai gyangyaɗi. Uwa ta ce mayu ne, uba ya ce lalaci ne. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya. Abincin da a ke ba shi ne ba ya isa jikinsa, domin akwai mai tare shi a hanya, watau tsutsar ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen biliyan 1.5 ne ke ɗauke da irin tsutsotsin da a ke kamuwa da su ta ƙasa. Saboda haka ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a san maganin abu a ƙi yi.

Darasi na 1: Yadda hanji ya ke aiki

Kafin mu san ɓarnar tsutsa, sai mu san aikin hanji tukuna. Abinci in ya bar tumbi sai ya shiga ƙaramin hanji, wanda tsawonsa a babban mutum ya kai wajen ƙafa 20, yana naɗe cikin ciki. A nan ne amfanin abinci ya ke ratsawa ya shiga jini.

Duk matar da ta taɓa wanke hanjin rago ran Babbar Salla ta san cikinsa da laushi da santsi. In an duba wurin nan da madubin likita, mai mai da ƙaramin abu babba, sai a ga ashe ba sumul ya ke ba. Yana da waɗansu 'yan tsirai ƙanana birjik, a tsaitsaye kamar gashin karammiski. Su ne ke tsotse amfanin abinci, kamar yadda saiwar gero ta ke tsotse ruwa a gona. In saiwa ta lalace, kome yawan ruwan sama gero ba zai yi zangarniya ba. Haka kuma in 'yan tsiran nan suka lalace, kome yawan tuwo yaro ba zai yi ƙwari ba. Ku riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Darasi na 2: Tsutsotsi huɗu da ya kamata ku sani

Ta fari ita ce macijin ciki. Fara ce, tsawonta ya kan kai ƙafa ɗaya, ita ce wadda a kan gani cikin bayan gidan yara, wani lokaci ma ta fito ta baki. Macen guda ɗaya ta kan saka ƙwai wajen 200,000 a rana. Ƙwan ba ya ganuwa da ido. Ya kan fita cikin kashi, ya nuna cikin ƙasa a mako biyu zuwa huɗu, ya kuma iya yin shekaru a wuri mai inuwa bai mutu ba. Ta baki ya ke shiga, da hannu mai datti, ko ganyen da ba a wanke ba.

Ta biyu ita ce tsutsa mai ƙugiya. Ƙarama ce, ba ta fi rabin inci ba. Ita ta fata ta ke shiga, yawanci ta ƙafar wanda ba shi da takalmi. In ta isa hanji sai ta kafa baki ta yi ta shan jini. Iri biyu ce. Guda 100 na babbar irin su kan ɓarar da jinin da ya kai cikin babban cokali ɗaya kowace rana. Ku lissafa na wata guda, sa'an nan ku tuna da mace mai ciki. Wannan tsutsa tana son ƙasa mai rairayi da danshi, irin jigawar da mu ke nomawa da damina.

Ta uku ita ce tsutsa mai kama da bulala. Ta kan soke siririn kanta cikin fatar babban hanji. In ta yi yawa ta kan jawo zawo da jini, har bayan yaro ya fito.

Ta huɗu ita ce tsila, doguwa mai gaɓa-gaɓa, wadda ta kan kai ƙafa 15 zuwa 30. Daga naman shanun da bai dahu ba a ke samunta.

Darasi na 3: Abin da aka koya daga ɓeraye

Wani zai ce, ta yaya likitoci suka san abin da tsutsa ta ke yi a cikin ciki, alhali ba a tsaga cikin yaro mai rai don a duba? Amsa ita ce, da dabbobi aka koya. A ɗakunan bincike a kan kiwata ɓeraye farare, da ɓeran Masar, da zomaye, cikin keji mai tsabta. Sai a raba su kashi biyu, masu shekaru ɗaya, masu cin abinci iri ɗaya. Kashi ɗaya a ba su ƙwan tsutsa, ɗaya kashin a bar su. A yi ta auna nauyinsu, daga baya a duba hanjinsu. Duk bambancin da aka gani, an san tsutsa ce ta kawo shi. A ƙasarmu ma akwai wuraren binciken cututtukan dabbobi, kamar ma'aikatar Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924.

Abu na fari da aka koya shi ne tsutsa matafiyiya ce. Wani malami Bajamushe mai suna Arthur Looss yana aiki a Alƙahira, sai ruwa mai 'ya'yan tsutsa mai ƙugiya ya zuba masa a hannu. Wurin ya yi ja, ya yi ta ƙaiƙayi, bayan 'yan makonni sai ga ƙwan tsutsar cikin bayan gidansa. Daga baya ya bi sawunta a jikin karnuka, ya ga daga fata ta kan shiga jini, ta bi ta zuciya, ta je huhu, ta hau maƙogwaro, a haɗiye ta, sa'an nan ta sauka hanji. A 1916 kuma wani likita mai suna Stewart, a Hong Kong, ya ba ɓeraye ƙwan macijin ciki, bayan 'yan kwanaki ya sami 'ya'yan tsutsar cikin hantarsu da huhunsu. A 1922 wani likitan Japan mai suna Koino ya haɗiye ƙwai 2,000 da gangan don ya tabbatar da zancen. Ya yi zazzaɓi da tari mai tsanani, ya kuwa ga 'ya'yan tsutsar cikin kakinsa. To, kun ji dalilin da ya sa yaro mai tsutsa wani lokaci ya kan yi tari da shessheƙa.

Abu na biyu shi ne ɓarnar da a ke yi wa hanji. Akwai wata tsutsar ɓeraye, 'yar'uwar tsutsa mai ƙugiya, wadda masu bincike suka daɗe suna aiki da ita. In aka sa 'ya'yanta ƙarƙashin fatar ɓera, cikin kwana uku zuwa huɗu sun isa hanji, cikin mako guda sun fara ƙwai. In aka duba hanjin a lokacin nan, sai a tarar 'yan tsiran nan masu tsotsar abinci sun gajarce, sun dakushe, waɗansu sun manne da juna. Fatar hanjin ta kumbura, ta yi ja. Ɓeran kuwa ya rage cin abinci, nauyinsa ya tsaya ko ya ragu, ga ɗan'uwansa marar tsutsa yana ta girma. Ashe ɓarnar tsutsa uku ce: ta ci rabonta, ta lalata saiwar da ke tsotsar sauran, ta kuma kashe wa mai ita sha'awar abinci.

Abu na uku shi ne hanji ba ya zama kawai a ci shi, yana faɗa. A 2016 masu bincike a Amurka da Faransa suka nuna, da ɓeraye, cewa cikin fatar hanji akwai waɗansu ƙwayoyi ƙalilan masu aikin 'yan gadi. Da sun ji alamar tsutsa sai su yi shela, dakarun jiki su taso. Daga nan hanji ya yi ta fid da majina mai kauri da ruwa, ya ƙara motsi, har tsutsa ta rasa wurin kamawa, a share ta waje kamar yadda mace ta kan yayyafa ruwa ta share tsakar gida. Lafiyayyen ɓera ya kan kori tsutsar nan cikin mako biyu, bayan haka 'yan tsiran hanjinsa su sake tofowa.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi shafarmu. Da aka rage wa waɗansu ɓeraye abinci mai gina jiki da mai ƙara jini, sai aka ga sun kasa korar tsutsar a kan kari. Ta daɗe cikinsu, ta yi ta ƙwai. Watau yunwa tana taimakon tsutsa, tsutsa kuma tana ƙara yunwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma ku lura, mutum ba ɓera ba ne. Tsutsotsinmu sun fi na ɓera iya zama. Macijin ciki ya kan yi shekara ɗaya ko biyu, tsutsa mai ƙugiya ta kan yi shekaru. Don haka mu ba ma zama jiran jiki ya kore su, sai mun haɗa da magani. Abin farin ciki shi ne abin da aka gani a ɓera gaskiya ne a yaro: in tsutsa ta fita, aka kuma sami abinci, hanji ya kan warke.

Ko maganin ma ɓera yana da hannu a ciki. Wani malamin Japan, Satoshi Omura, ya tattara ƙwayoyin halitta daga ƙasa, aka aika Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gwada su a ɓeraye masu tsutsa. Ɗaya daga ciki ya kashe tsutsar sarai. Daga nan aka sami Ivermectin, wanda aka fara ba dabbobi a 1981, aka kuma fara raba wa mutane kyauta a 1987 don cutar da ke kawo makanta a bakin kogi. Mutanen nan biyu sun sami kyautar Nobel a 2015.

Darasi na 4: Ku duba garkenku

Ba sai mun je Turai za mu ga misali ba. Duk makiyayi ya san yadda tumaki da awaki su kan yi da damina. Ga ciyawa ko'ina, amma wata tunkiya ta rame, gashinta ya tashi, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Tsutsa ce ke shan jininta. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, wa zai ba da kuɗin kirki a kan irin wannan dabba? Shi ya sa mai kiwo ya kan sayi maganin tsutsa ya ɗura wa ragonsa tun kafin Salla ta matso.

To, maigida, ga tambaya. Ka ba ragonka magani don ya yi ƙiba. Yaushe rabonka da ka kai ɗanka a ba shi nasa? Yadda ka ke jan fatar idon rago ka duba, ja ta ɗanka yau ka duba. In cikinta ja ne, madalla. In fari ne fat, haka tafin hannunsa da harshensa, jininsa ya yi kaɗan, a kai shi asibiti.

Yawancin tsutsotsin tumaki ba sa kama mutum, amma tsila tsakaninmu da shanu ta ke yawo. Mutum mai tsila ya yi bayan gida a daji, saniya ta ci ciyawar wurin, ƙwan ya zama 'yan ƙuraje farare kamar ƙwayar shinkafa cikin namanta. Wani ya ci tsire ko balangun da cikinsa bai gasu ba, shi ke nan ya ɗauka. Mahauci na kirki ba ya sayar da irin naman nan.

Darasi na 5: Magani

Maganin da a ke bayarwa don macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya da mai bulala shi ne Albendazole ko Mebendazole. Albendazole ƙwaya ɗaya ce mai nauyin miligiram 400 ga wanda ya shekara biyu ko fiye. Yaro mai wata 12 zuwa 23 rabi a ke ba shi, a murƙushe cikin ruwa kada ya shaƙe. Jaririn da bai shekara ba, da mace mai cikin da bai wuce wata uku ba, ba a ba su sai da izinin likita. Tsila da tsargiya, watau fitsarin jinin da yara ke ɗauka wurin wanka a kududdufi, maganinsu dabam ne, sunansa Praziquantel, kuma sai an ci abinci a ke sha.

Tun 2001 ƙasashen duniya suka yi shawara a riƙa ba 'yan makaranta maganin tsutsa a kai a kai, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, gwargwadon yawan cutar a wurin. In ma'aikatan lafiya suka zo makaranta ko ƙofar dagaci, ku fito da yara duka, har da 'yan mata, da almajirai, da yaran rugage. In yaro ya ɗan ji tashin zuciya ko murɗar ciki bayan ya sha, ba kome, zai wuce.

Kada ku ba yaro kananzir ko wani jiƙo mai ƙarfi da sunan kashe tsutsa, ya kan kashe yaron ya bar tsutsar. Kada kuma ku ba mutum maganin dabba. In kuwa kuka ga cikin yaro ya kumbura ya yi tauri, yana amai, ba ya bayan gida, ba ya ko tusa, mai yiwuwa tsutsotsi ne suka dunƙule suka toshe hanji. Kada a kwana. A nufi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gumel, nan da nan.

Darasi na 6: Rigakafi ya fi magani

Magani yana kashe tsutsar da ke ciki yau, amma ba ya hana ta gobe shiga. Yaron da ya sha magani ya koma wasa a ƙasa mai ƙwai, cikin 'yan watanni ya koma gidan jiya. Duk tsutsotsin nan huɗu ƙofa ɗaya su ke fita, watau bayan gida. In aka tsare ƙofar nan, an gama da su. Ga dokoki bakwai.

1. Kowane gida ya haƙa salga. Ta yi nisa da rijiya kamar ƙafa 100, ta kuma kasance ta gangare. Da ya ke ƙasarmu rairayi ce, a ɗaure bakin ramin da bulo ko tsohuwar ganga kada ya rufta da damina. A yi mata murfi saboda ƙuda.

2. Kashin yaro ba tsarki gare shi ba, shi ya fi na babba yawan ƙwai. A tara masa fo, a zuba a salga, kada a watsa bayan danga ko kan juji.

3. A wanke hannu da sabulu, in babu a sa toka, bayan an fito daga salga, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin dama fura ko cin abinci. A yanke wa yara farce.

4. A sa takalmi, ko na roba ne, musamman da damina, wajen shiga gona da kewayawa.

5. A wanke latas, da tumatir, da karas, da duk abin da a ke ci ɗanye, da ruwa mai tsabta. Kada a kai kashin mutum ɗanye lambu da sunan taki.

6. A dafa nama ya dahu, a gasa ya gasu har ciki. A rufe abinci da randa, a kuma ware moɗa guda ta ɗiban ruwa.

7. A ba yara abinci mai gina jiki. Ba sai mai tsada ba. Wake, da ƙuli-ƙuli, da riɗi, da daddawa, da nono, da ƙwai, da zogale, da rama, da 'yar hanta in ta samu. Waɗansu su kan ce nama ko zaƙi ke sa yaro tsutsa. Ba haka ba ne, tsutsa daga ƙwai ta ke fitowa. Hana yaro nama da ƙwai taimakon tsutsa ne, ku tuna da ɓerayen da aka rage wa abinci.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin talaka. Dattawa sun san yadda kurkunu ya ke kwantar da manoma da damina a ƙasar nan. Ba allura ce ta kore shi ba, tace ruwa da tsare tafki ne. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Nijeriya an gan shi a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Haka kuma a watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta bar yin bayan gida a fili, ƙananan hukumominta 27 duka, har da namu huɗun nan. Wannan suna ne mai kyau, amma riƙe shi ya fi samunsa wuya. Salgar da ta cika, ko ta rufta, in ba a haƙa wata ba an koma baya. Hakimai, da dagatai, da masu unguwa, da limamai, da duba-gari, wannan aiki yana wuyanku, ku riƙa zagawa kuna tunasarwa, har kasuwa da tasha da makarantun allo.

Tambayoyi don maimaitawa

1. Mene ne aikin 'yan tsiran da ke cikin hanji, kuma me tsutsa ta ke yi musu?
2. Ta ina tsutsa mai ƙugiya ta ke shiga jiki?
3. Me ya sami ɓerayen da aka rage wa abinci mai gina jiki?
4. Don me magani kaɗai ba ya isa?
5. A gidanku, wace doka cikin bakwai ɗin nan ba a bi tukuna, kuma wace rana za a fara?

Maigida, kai ka yi noma, ka sha rana, ka kai gero rumbu. Uwargida, ke kika yi sussuka, kika yi daka, kika tuƙa. Kada ku bari wahalarku ta tafi cikin tsutsa. Lafiya uwar jiki. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.